Kwale-kwalen da Na Shayar a Woodbridge

Shekara goma sha ɗaya ina Amurka, hirata da Baba a waya ba ta wuce minti uku. Ya aiki, ya iyali, ya sanyi, Allah ya yi albarka. Aikina na kwamfuta ne, shi kuwa sana'ar fito ya yi a Yawuri tun yana saurayi, yana tsallakar da mutane da buhunan shinkafa. Me zai tambaye ni? Nakan ajiye wayar ina jin kewarsa fiye da kafin in kira.

Wata shekara da zafi ya shigo na sayi ɗan kwale-kwale na roba, na hannu, mai cin mutum ɗaya. Matata ta ce tsufa ne ya zo mini da wauta. Ranar Asabar sai in ɗaure shi a saman mota in nufi kogin Occoquan da ke gefen garinmu, Woodbridge. Na tura wa ƙanwata bidiyo ta nuna wa Baba, ranar kuwa muka yi minti arba'in a waya. Ya ce riƙon da nake yi wa filafili riƙon taɓarya ne, kada in bari a ji ni ɗan wa ne. Na yi dariya har da hawaye. Daga nan kowace Juma'a muna da abin faɗa.

Da Nuwamba ta zo, maƙwabcina, wani tsohon Bature, ya koya mini ajiyar hunturu: a wanke jirgi, a busar da shi sarai, a kife shi a kan katako cikin gareji, rigar da ke hana nutsewa kuma a rataye ta inda iska ke shiga. Na faɗa wa Baba.

"Busarwa?" ya ce. "Wa ya gaya maka ana barin jirgi da ƙishirwa? Nawa na katakon maɗaci, in zai yi wata bai aiki ba, ruwa nake cika shi da shi. Jirgin da ya bushe tsagewa yake. Ka shayar da shi, ka ji ko?"

Na san roba ba maɗaci ba ce. Na san ruwa in ya daskare kumbura yake ya fasa mazubinsa, na karanta, na ci jarrabawa a kai. Amma rabon da Baba ya ba ni umarni da wannan muryar tun ina makarantar sakandare, kuma wallahi daɗi na ji. Na busar da rigar, na rataye filafilin, jirgin kuwa na ja shi bayan gida na sa tiyo na cika shi taf. Maƙwabcin ya leƙo ta kan shinge yana kaɗa kai, na yi kunnen uwar shegu da shi.

Niyyata in zubar kafin sanyi ya yi tsanani. Sai dai duk Juma'a tambayar farko ita ce, "Ka duba ruwan jirgin?" In na zubar, me zan ce? Na yi ta cewa mako mai zuwa.

Wata safiya a Janairu na fito zan kama hanyar ofis, na tarar ruwan ya zama ƙanƙara, gefen jirgin ya tsage tsawon kamu biyu. Na daɗe a tsaye ina jin haushin kaina.

Juma'a biyu ina yi masa ƙarya. A ta uku na kasa, na faɗa masa komai.

"Ruwan ne ya fasa shi?" ya tambaye ni.

"Shi ne, Baba. Sanyin nan daban ne."

"To, ban san wannan ruwan ba," ya ce a hankali. Can kuma muryarsa ta umarni ta dawo. "Kada ka bari kowa ya taɓa shi. Toshe tsaga ba aikin yara ba ne. Bari sai na zo."

Baba ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi yake zuwa, ni da shi duk mun sani. Na ce to, Allah ya kawo ka lafiya.

Hunturu uku ke nan jirgin yana kife a gareji da tsagarsa. Maƙwabcina ya ce aikin awa ɗaya ne, har kayan gyaran yana da su. Na ce masa akwai mai gyaran da nake jira.