Atamfar da Garba Ya Naɗe Ƙafa da Ita

Shekara talatin ke nan da 'yan kai da rasuwar ƙanena Garba, mai yasar kwata a Zongon Lome. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Waɗanda suka san tsohon Zongo za su tuna shi. Da an idar da sallar asuba sai ka ji ƙarar shebur ɗinsa a bayan rumfar mahauta, iskar teku na kaɗawa, ni kuma ina hura wutar ƙosai. In ya iso ƙofata sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Yaya, a miƙo wa gwamnan kwata kalacinsa." In ce, "Gwamna ba takalmi? Wanke hannunka tukuna." Mahauta su yi ta dariya, wani ya jefa masa tsokar nama a takarda. Unguwa ce da kowa ya san tarin kowa. Har yau in ruwa ya sauka, kunnena na neman shebur ɗin nan.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Duk shekara wurin aikinsu na raba musu atamfa mai hoton manyan ƙasa, su ɗinka su je su yi rawa da tafi ranar biki. Takalmin roba kuwa kullum sai a ce musu yana hanya, kuma ba wanda ya isa ya tambaya sau biyu.

Wata damina fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Na wanke masa da ruwan gishiri, na ce ya kwanta. Ya ce shi ɗan aikin yini ne, ranar da bai fita ba wani zai ɗauki shebur ɗin. Ya duba ɗaki, babu tsumma mai kauri sai atamfar nan. Ya yage ta, ya naɗe ƙafa, ya fita.

Shef ɗinsu, wato shugabansu na aiki, ya tarar da shi cikin kwata, fuskar manya cikin laka. Atamfar ya gani, bai ga jinin ba. Ya karɓe shebur, ya ce Garba ya gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Na yafa mayafi na je har ofis. Aka ce mini ɗan yini ba ma'aikaci ba ne, doka ba ta san shi ba. Ƙafa ta kumbura, muƙamuƙi ya ƙage, kafin damina ta ɗauke muka kai shi makwancinsa.

Yanzu ina ji a rediyo wai akwai doka, akwai masu zagayawa duba lafiyar masu shara. Madalla. Da Garba zai ga rigunansu masu walƙiya, na san zai ce, "Yaya, gwamnoni sun yi riga!" Amma ni ba riga nake dubawa ba. Kuma mai zagayen nan, ban taɓa ganin ya iso layinmu ba.

Garba bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bar mini ido ne. Shekaranjiya wani yaro mai yasar kwata ya zo zai shiga kwatar ƙofata da silifas. Na ce, "Kai ɗan nan, ɗaga ƙafarka in gani." Ya ce, "Hajiya, aiki ne, shef na jira." Na jawo kujerata na dasa a bakin kwatar, na ce shef ɗin ya zo ya ɗaga ni.

Jiya ya dawo da takalmin roba, sun yi masa yawa, yana tafe suna ƙara. Na ɗauke kujera, na miƙa masa ƙosai. Allah Ya jiƙan Garba.