Jan Fenti a Hannun Rigata

Mun tashi da asuba ranar Talata, muna idar da salla, ni da wani tsohon abokina da direban da ke jansa. Abokin nawa yana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke taimaka wa ƙauyukan gabashin Sakkwato wajen raya itatuwa da noman rani. Ya daɗe yana damuna in bi shi in gani da idona, ni kuma ina ta zillewa. Masu bina a wannan shafi sun san ra'ayina kan irin waɗannan ƙungiyoyi. A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun ƙauye na ga bikin dashen itace ya fi a ƙirga: a kafa allo, a ɗauki hoto, a sha lemo, bayan wata biyu awaki su cinye dashen, allon ya rage shi kaɗai a tsaye. Na gaya masa haka a mota tun ba mu bar gari ba. Ya yi dariya ya ce in dai biyo shi.

Hanyar Rabah ba ta da laifi, sai dai shingayen jami'an tsaro da ke sa direba cire gilashinsa yana gaisuwa da ladabin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. An gama girbi, damman gero sun cika rumbuna, karan dawa na tsaye a gonaki. Muka tsaya karin kumallo a bakin hanya. Ƙosan da matar ta zuba mini sun yi ƙanƙanta har na tambaye ta ko wake ne ya ƙare. Ta ce waken na nan, tsadarsa ce ta shige gaba, in ina son manya in kawo nawa.

Zangonmu na farko wani ƙauye ne kusa da Tursa. Na sauka ina neman allo da layin dashe, ban ga ko ɗaya ba. Abokina ya ce su ba dashe suke yi ba. Ya kai ni wata gona ya nuna mini kututturen gawo da na kalgo da ke toho, irin waɗanda manomi ke sarewa duk shekara lokacin sassabe. Aikin shi ne a bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a yi wa sauran aski, a kare su daga gatari har su zama itace. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba sa neman ban-ruwa. Mutanen ƙauye su ke zaɓen kwamitinsu, manoma da makiyaya da mata, su ke kuma tsara dokarsu. Abin da ƙungiya ke kawowa shi ne horo, da awakin da mata ke kiwo suna miƙa wa juna 'ya'yan, da injin ban-ruwa guda wanda manoman rani ke karɓa bi da bi. Dokar da kusan kowane ƙauye ya ɗauka ita ce, wanda ya sare itacen da aka yi wa alama ya rasa layinsa na inji a wannan rani.

Alamar kuwa jan fenti ce, zobe ɗaya a jikin kowane toho. Na ga 'yan kwamiti da gwangwani da buroshi, sai malantata ta motsa, na ce a ba ni in gwada. Na bi gonaki ina shafawa, ina jin daɗin kaina ƙwarai, har ina gyara wa wasu yadda ake riƙe buroshi. Kafin azahar na yi wa itace goma sha ɗaya zobe, na kuma yi wa hannun farar rigata ta shadda nasa rabon. Direba ya ce yanzu ni ma na shiga cikin waɗanda ba a sarewa.

Da la'asar muka shiga Wurno. Fadamarta ta daɗe tana burge ni. Ga masu sussukar shinkafa, ga wasu sun riga sun ja kwamin albasa da tafarnuwa, ruwa na bin ƙananan magudanai yana shiga kwami ɗaya bayan ɗaya. Muka kai ziyara hubbare muka yi addu'a, sannan muka sauka gidan wani malami, ɗan tsohon gidan ilimi, wanda ke cikin kwamitin unguwarsu. Aka kawo tuwon shinkafar bana da miyar kuka. Sabuwar shinkafa tana da wani ƙamshi da ta buhu ba ta da shi, na ci har na ji kunyar mai gida. A nan muka kwana.

Da safe muna shan kunu aka kira abokina a waya. Na ga fuskarsa ta canza. A wani ƙauye bayan Taloka, wani dattijo ya sare duk itatuwa bakwai da aka yi wa alama a gonarsa, kwana biyu bayan an shafa musu fenti. Kwamiti zai zauna bayan azahar. Na ce masa to, ga irinta nan, ban gaya maka ba?

Da yake da sauran lokaci, muka biya ta madatsar ruwa ta Goronyo. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, masunta a cikin kwale-kwale, balbelu a bakin gaɓa. Muka sayi gasasshen kifi mai yaji muka ci a tsaye. Na yi ta yabon wurin, na ce wanda ya kawo wannan ruwa ya yi wa ƙasar nan gata, har na sa direba ya ɗauke ni hoto.

Mun tarar da kwamiti a kan tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya. Sarkin Noman ƙauyen shi ne shugaba, a gefensa Arɗon Fulanin da ke zaune a bayan gari, da mata biyu, da wasu magidanta. Dattijon, bari in kira shi Baba Mani, yana zaune shi kaɗai a bakin tabarma, siriri, gemunsa fari fat. Layinsa na inji ranar Asabar ne. Irin albasarsa ya isa dashe, in bai sami ruwa a makon nan ba ya wuce, kuma albasar nan ita ke riƙe gidansa har damina, shi da matar ɗansa da ya rasu da jikoki huɗu. Na bi layi ina gaisawa da kowa. Da na zo kansa na miƙa hannu, ya dubi hannun rigata, ya amsa sallamar da baki, bai miƙo nasa ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Sarkin Noma ya yi magana a hankali. "Baba, kai babba na garemu. Da kai anka yi dokag ga. Mi yas sa kas sare su?"

Baba Mani ya ce, "Dokar barin icce anka yi da ni. Ba a yi ta henti da ni ba. Na tahi jana'iza Goronyo, nid dawo nit tarar da ja ga iccena."

Wani magidanci ya ce bara shi ma ya sare guda ɗaya don gyaran rumbu, aka hana shi inji, ya haƙura. In doka tana da ido ta ga tsoho ta kauce, to a gaya musu yau. Maganarsa gaskiya ce, kowa ya san haka.

Sai dattijon ya juyo wajen abokina. "Ɗana, ni ba nan anka haihe ni ba. Garinmu na can inda ruwa ya kwanta. Ina saurayi wasu ma'aikata sunka zaka da mota, suna awo, suna sa jan henti ga icce. Mun ɗauka ado na. Tsamiyar ƙohwar gidanmu ma sun sa mata. Duk inda jan nan yat taɓa, ruwa ya ci. Gonar ubana, da kushewatai, suna ƙasa." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Sau guda anka yi min. Da nig ga ja ga gonag ga, nic ce kahin a zaka karɓa, bari in ɗebe shaidar."

Na tuna kifin da na ci da safe a bakin ruwan nan, da hoton da na sa aka ɗauke ni. Na sa ɗaya hannun na rufe hannun rigar, abin da ba shi da wani amfani, tunda kowa ya riga ya gani.

Abokina ya rantse masa cewa ƙungiya ba ta da niyyar karɓar ko taki ɗaya na gonar kowa. Dattijon ya gyaɗa kai irin na wanda ya taɓa jin haka. Arɗo ne ya ce kafin a yanke hukunci a tashi a je a ga gonar, domin shi ya san wani abu da shanunsa suka nuna masa.

Tafiyar ba nisa. A bakin gonar, ta gefen hanya, ga kututture bakwai, saran sabo. Masu fenti a nan suka tsaya, ba su shiga ciki ba. Arɗo ya ja mu ta cikin karan dawa zuwa bayan wani tudu, sai ga gawo jere, wasu sun kai tsawon mutum biyu, wasu sun fi haka nesa, duk sun yi kore shar a lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da ganye. An yi wa kowanne aski da kyau, an kewaye ƙananan da ƙaya. Na fara ƙirgawa, na wuce talatin na bari. Arɗo ya ce duk bazara, idan ciyawa ta ƙare, 'ya'yan gawon nan ke riƙe masa shanu, su kuma su bar wa tsoho taki, kuma sun fi shekara goma a haka. Abin da ƙungiya ta zo koyarwa, mutumin nan ya daɗe yana yinsa a ɓoye, don kada wani mai mota ya gani ya yi sha'awa.

Abokina ya tsaya yana kallon itatuwan kamar ɗalibin da ya shiga ajin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce da kwamiti fentin shawarar ofishinsu ce, don a ji sauƙin ƙirga, kuma ba su tambayi kowa ba ko jan fenti na da wani tarihi a ƙasar da aka yi dam.

Aka koma ƙarƙashin tsamiya. Sarkin Noma ya ce doka ta hana kashe itace, kuma gawo ba ya mutuwa da sara ɗaya. Baba Mani zai kewaye kututturen bakwai da ƙaya, ya kula da su. In sun yi toho kafin bazara, magana ta ƙare, in ba su yi ba, ya rasa layinsa na baɗi. Asabar dai injin nasa ne. Fenti kuma an daina shi a ƙauyen, kowa ya ɗaura wa itacensa kaba da hannunsa, kamar yadda ake ɗaure dami. Magidancin da aka hana inji bara bai ji daɗi ba, ya tashi ya tafi kafin a shafa fatiha, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce za su je gidansa da yamma.

Da za mu tafi na sake zuwa wajen dattijon. Wannan karon na naɗe hannun rigar har gwiwar hannu kafin in miƙa. Ya kama, tafinsa kaushi kamar bawon itace. Ya tambaye ni ko mun biya ta bakin ruwa, na ce mun biya, har mun ci kifi. Ya ce, "Kihin wurin na da daɗi. Can wajen tsakiya, inda masunta ka tsayawa, nan gidanmu yake."

Direba ya matsa mu kama hanya don mu shiga gari da sauran rana, kamar yadda kowa ke yi a wannan yanki yanzu. Muka sayi tafarnuwa a Goronyo, muka wuce Wurno ba mu tsaya ba. Mun iso Sakkwato ana kiran magariba.

Na tafi da niyyar in kama ƙungiya da laifin da na saba gani, na allo da hoto. Ban same ta da shi ba, aikinsu na gaske ne, kuma na ga abokina ya karɓi kuskurensa a gaban mutane, abin da ba kowane ma'aikaci ke yi ba. Abin da na koyo ya fi shafata ni kaina. Mu da muka yi boko muna isa ƙauye da abin alheri a hannu, sai mu ɗauka alherin ya ɗauke mana tambaya. Mutanen nan sun riga mu sanin itatuwansu, kuma suna tuna abin da ya taɓa zuwa musu a mota.

Uwargida ta ga rigar ta ce a kawo kananzir a gwada, na ce ta bar ta haka. Tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Jiya na kira abokina na ce in zai koma wajen Tursa ya biyo ya ɗauke ni, ina da gaisuwar da ban yi ba. Itace goma sha ɗaya na shafa wa fenti a ƙauyen nan, kuma har yau ban san sunan mai gona ko ɗaya ba.