Inna Ban-Yarda-Ba da Takalmanmu

Wadda duk ta taɓa kai yaro awo likitar unguwarmu, wato asibiti, a nan Arlit ta san Inna Ramatu, tsohuwar nan mutuniyar Tawa mai kula da layin mata. Ba abin da ta tsana irin a ce mata "to". Majo, babban malamin jinya, zai gama yi miki bayani, ki ce to, ki fito. Sai ki tarar takalmanki sun ɓace. Suna ina? Suna ƙarƙashin Inna, ta zauna a kansu! Ga rairayin Arlit da rana, ko akuya sai ta yi rawa.

"Inna, takalmina."

"Kawo gardamarki tukuna. Mai saurin cewa to, bayan ɗaki take zubar da magani."

Shi ya sa muke ce mata Ban-Yarda-Ba. Har sikeli ba ta yarda da shi ba. Kowace safiya sai ta ɗora wani dutse nata ta gani, wai kada ya kwana ya canza ra'ayi.

Kun tuna Ila, direban babbar mota mai zuwa Assamakka? Ya rako matarsa, aka gano jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi. Ya ce, "To, to, to."

Inna ta ce, "Ƙarya ukku ke nan."

"Haba Inna, ni namiji ne, ba ni cikin layinki."

"Takalminka dai na cikinsa."

Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa. Can ya sunkuya ya ce mata maganin nan fitsari yake sa mutum, shi kuwa ba ya iya tsayar da mota kowane lokaci a tsakiyar hamada. Inna ta ja shi gaban majo, ta ce da ƙarfi, "Wanga fitsari yake tsoro!" Mata suka kwashe da dariya. Aka canza masa wani. Har yau in zai shiga likita, a hammata yake riƙe takalmansa.

Ni nawa bai zo da dariya ba. Ɗana na fari ya rasu ba da daɗewa ba bayan wata allura. Da aka ce ƙyanda ta shigo gari, a kawo ɗiyata Habsu rigakafi, na kai ta ba da son raina ba. Garin nan kun san shi, garin haƙar yuraniyam ne: ruwa muna zarginsa, iska muna zarginta, tukunyar da aka ƙera da ƙarfen ma'adini ma sai an tambayi asalinta. To balle ruwan da ke cikin ƙaramar kwalba da rubutun da ban iya karantawa ba? Na ce wa majo to, zan je in dawo. Na fito, ba takalmi.

"Inna, na bar tukunya a wuta."

"Ta ƙone."

"Maigida na jirana."

"Shi jira. Mi kike tsoro, ɗiyata?"

Na ce ba komai. Ta ɗauko gorubarta ta hau gaigaya, kamar ba ni a wurin. Da rana ta iso inda nake, sai na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Na zaci za ta ce jahilci ne. Sai ta matsa mini wuri a tabarma.

Ta ce, "Abin da ya ɗauke ɗanki ban sani ba, kuma ba ni yi miki ƙarya in ce na sani. Amma ƙyanda na san ta, na wanke yaran da ta kashe da hannuna. Allurar ga tana iya kawo zazzaɓi. In ya zo, ga gidana can bayan famfo, ki buga mini ƙofa. Akwai sauran gardama?"

Akwai! Na tambayi kwalbar, na tambayi allurar ko sabuwa ce. Ta sa majo ya yage ledar a gaban idona. Sannan ta miƙo mini takalmana, ta ce in na so in tafi. Na zauna, aka yi wa Habsu allurar.

Zazzaɓin ya zo kuwa. Na je gidanta, ta taɓa Habsu, ta ce, "Wagga ta fi ki hankali, ke ce ke buƙatar magani." Ƙyanda ta ratsa layinmu ta wuce, ba ta taɓa Habsu ba. Ga ta nan tana yaga mini zane ina rubutun nan.

Da ciwo ya kwantar da Inna, na je duba ta. Na ajiye takalmana a bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa su. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, za ki warke, ki koma layinki."

Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "To."

A nan na sani.

Allah Ya jiƙan Inna Ramatu. Yadda ta zauna ta saurari tsoronmu ba ta raina mu ba, Allah Ya saurare ta da rahama, Ya sanyaya mata makwanci. Amin.