Dogon Ƙarfen Jan Tirela

A littattafan da na girma ina karantawa, duk mijin da ya cika miji yakan ɗauki matarsa ya kai ta bakin ruwa, su zauna su biyu, ba ya jin komai sai motsin ruwa da muryarta. Shekara goma sha biyu ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, teku na gabana kullum, amma matata ba ta taɓa ganinsa ba sai ta gilashin mota, yara huɗu a baya suna faɗa a kan wanda zai zauna jikin taga.

Sai wani abokin aikina da zai koma gida ya sayar mini da akori-kurarsa, da ɗan ɗaki a ɗaure a bayanta, mai gado da murhu da mukayyif na sanyaya wuri. Da na nuna wa matata, ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce ya yi kama da akurkin kaji. Mako biyu ina lallashi kafin ta ba ni Juma'a ɗaya. Za ta kai yara gidan yayarta a Aziziyya. Amma ta ce in tafiyar ta zama wahala, kada in sake ɗaga mata maganar teku har autanmu ya yi aure.

Mukayyif ba ya aiki sai da janareta, janareta kuma ba shi da mazauni a ɗakin, don haka na samo ƙaramar tirela mai taya biyu. A nan na tarar ɗakin ya zarce bayan motar, ya rufe ƙugiyar da ake maƙala tirela. Dole a ƙara sandar ƙarfe da za ta fito da ƙugiyar waje.

Na je unguwar Khumra wurin wani mai walda, dattijo, Bahaushen Sudan. Ya kwanta ƙarƙashin motar da ma'auninsa, ya fito yana kakkaɓe riga. Ya ce ana aunawa ne daga bakin ƙugiya zuwa ƙarshen ɗaki, a ƙara ɗan abin da zai bar tirela ta juya ba ta daki kusurwa ba, halas, shi ke nan. Ni kuwa na nuna masa ƙarfen da ya fi kowanne tsawo a jikin bango. Kunya ta hana ni faɗin dalili. Na riga na hango matata tana raɗa mini wata magana mai daɗi, janareta kuma yana ɓaɓatu a kunnena. So nake ya yi nesa da mu.

"Ɗan'uwa, duk abin da ka ƙara wa ƙarfen nan a tsawo, ka rage masa a ƙarfi," in ji shi. "Ka taɓa riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe?"

Na ce a hankali zan yi tuƙi. Ya ɗauko ƙarfen, ya ce ai motata ce.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanyar arewa. Matata ta sa turarenta na biki, abin da ya sa na ƙara jin kaina. Tun kafin mu fita gari tirela ta fara kaɗawa dama da hagu. Kalaman da na yi kwana uku ina shiryawa ko ɗaya bai fito ba, idona na kan madubi. Ta tambaye ni ko tirelar tamu ce, ko dai bin mu take yi.

A tudun rage gudu na ƙarshe muka ji ƙara. Ƙarfen ya lanƙwashe, hancin tirela yana kartar kwalta, ga teku can muna hango shi. Na kwance ta, muka tura ta tare cikin yashi, matata da abayarta a naɗe a hannu ɗaya. Tana haki ta tambayi abin da ya kai ni sa ƙarfe kamar na tuta. Na faɗa mata gaskiya duka, har da zancen muryarta. Ta kalli tirelar, ta kalle ni. Na ce a raina yanzu hawaye za su zo.

"Baban yara," ta ce, "to in mun tsaya, ba kwance tirelar za mu yi mu tura ta nesa ba? Waya ce ke kawo wuta."

Wayar kuwa doguwa ce. Muka ja ta, mukayyif ya tashi, ba a jin janareta ko kaɗan. Muka zauna a ƙofar ɗaki da shayi, na saurari muryarta sarai tana gaya mini tukunyar gas ɗin gida ta kusa ƙarewa.

Dab da magariba muka ɗora janareta a kan gado, na bar tirelar wurin wani masunci. Kafin mu shiga mota ta durƙusa bayan ɗakin, ta auna da hannunta kamar yadda take auna yadi. Ta ce kamu ɗaya da taƙi, haka zan gaya wa mai walda, kada in ƙara ko yatsa. Juma'a mai zuwa akwai suna a gidan yayarta, sai dai ta sama.