Ranar da Na Taka wa Ɗana Birki

Ko lambar iƙamata, takardar izinin zamana a Riyad, na manta, ba zan manta ranar da na taka wa ɗana birki ba, alhali ni ina tsaye a bayan shinge.

Lokacin ina direban gida a unguwar Nasiriya, na daɗe a hannun kafili ɗaya, wato maigidan da ya tsaya mini a takarda. Abin taƙamata a duniya shi ne kyamarar titi ba ta taɓa kama ni ba. Kowa ya matso ni ta baya, sai in kauce dama in ba shi hanya, ko da akuya ce ke tuƙin. A kan wannan tarbiyya na raini ɗana, haifaffen Riyad, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa.

Duk Asabar nakan kai ɗan maigida filin tsere a bayan gari, inda samari ke gudu da 'yan motoci masu kujera ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar bahon wanki mai taya. Ɗana kan raka mu. Wata rana mai koyarwar, wani tsoho ɗan Sham, ya ce ya shiga ya gwada. Da ya fito, tsohon ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "Ya hajji, ina ka ɓoye wannan?"

Shi ya warware mini zancen. Da can yaro daga irin wannan fili yake farawa, ya yi ta hawa har ya kai babban tsere. Yanzu manya sun fi son babban, mai fitilu da baƙi daga Turai. Ƙaramin kuwa ba mai kallo sai mu direbobi masu jiran 'ya'yan masu gida, rabinmu ma barci muke a mota. Ana ta rufe irinsa. Ya ce kujera ɗaya ta rage ta kyauta a ƙungiyarsa, wanda ya ci gwajin ƙarshen wata shi ke da ita.

Da safiyar ranar gwajin, ina ɗaura wa yaron hular kwano, na rage murya na ce, "Ka dai tuna iƙamarmu a hannun wa take."

Ya dube ni. Ya amsa da Larabcinsa, "Tayyib, Baba."

Aka tashi, ɗana ya wuce gaba, ba wanda ya ga ƙeyarsa sai ɗan maigida da ke lallaɓowa can baya. Wallahi har na manta kaina ina ihu da Hausa. A zagayen ƙarshe, daidai kwanar da ke gabana, na ga ya leƙa madubi. Ya sassauta, ya kauce dama tsaf, irin kaucewata, har ɗan maigida ya iso ya wuce. Da motar na da sigina, na san da ya kunna.

Na nufi maigida ina washe baki, ina jiran a yaba ladabin gidana. Na iske shi fuska a murtuke. Ya ce, "Me ya sami ɗanka? Na zo ne musamman in ga an kada nawa, ko ya haƙura ya koma karatu. Da naka ya ci, da ni zan tsaya masa." Ban san lokacin da na ce "Na'am, ranka ya daɗe" ba.

Ɗan maigida ya hau kujerar sau biyu, ya ce zafi ya yi yawa, ya koma wasan tseren mota na talabijin a ɗakinsa. Kafin shekara ta zagayo an rufe filin, yanzu manyan motoci ke kwana a wurin. Wani gwajin bai sake zuwa ba.

Yau ɗana yana tuƙin kai abinci ofisoshin unguwar Ulaya. Shi ma kyamara ba ta taɓa kama shi ba, kuma duk sanda aka yabe shi a kan haka, raina ɓaci yake.

Abin da na koya shi ne, tsoron da ka ci abinci da shi, kada ka ba ɗanka gado da sunan ladabi. Masu rufe fili sun rufe nasu daga baya. Ranar nan ƙofa a buɗe take, ni na ce masa ya kauce.