Cokali Biyu na Kuɓewar Kwalba

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina Zuwaira mai hotunan lambu ta shige, ku yafe ni. Sai yanzu yatsuna suka yarda su riƙe waya.

Mijina, Baban Hanan, direba ne a wani gida a unguwar Abhur, nan ƙasar Larabawa. Bayan ɗakinmu akwai ɗan fili, matar kafili, wato mai gidan da yake wa aiki, ta ce in shuka abin da nake so. Da zafi ya shigo komai ya ƙone, ban da kuɓewa. Ita kam kamar an aiko ta, kullum sai na cika roba.

A Maraɗi da yankawa za mu yi mu shanya, shi ke nan. Nan kuwa iskar teku ba ta barin abu ya bushe, sau biyu tana yi mini fumfuna. Sai na ga wata a waya tana dafa tumatir a kwalba tana rufewa. Na ce ai kuɓewa ma kayan miya ce. Na duƙufa, 'yata Hanan tana goye ko tana kwashe mini murafai tana jefawa a bokiti. Shekararta ɗaya da wata takwas lokacin, tana shan nono.

Kwalba goma sha huɗu na jera. Har hoto na sa muku, kuna ta yaba ni, ni kuma kaina na ta kumbura.

Wata Talata na buɗe ɗaya. Ba wari, ba kumfa. Na kai cokali biyu baki a sanyinta, don in ji ko da sauran yauƙi. Hanan ta miƙo hannu, don duk abin da na ci sai ta ci. Tun safe take ba ni wahala, raina a ɓace, na make hannun na ce ta ba ni wuri. Ta yi kuka har da shessheƙa, ban rarrashe ta ba. Sauran na juye a tukunya ya daɗe yana tafasa, muka ci da tuwo.

Washegari na tashi ina ganin ƙofa biyu. Fatar idona ta yi nauyi, ruwa ya ƙi wucewa a maƙogwaro. Kafin la'asar magana ta karye mini.

A asibiti shanyewar jiki suka fara zato. Hoton kai, jini, har ruwan ƙashin baya suka ɗiba, ba su ga komai ba. Numfashi ya fara gagarata, aka zura mini bututu aka haɗa ni da na'ura.

Jikina ya mutu, amma kunnena da hankalina garau suke. Ina ji likita ya tambayi Baban Hanan me na ci wanda su ba su ci ba. Ya ce, "Wallahi tukunya ɗaya muka ci."

Ni na san amsar. Na kuma san kwalba goma sha uku na nan a ɗaki, kuma Khala Asiya, ƙanwar mahaifiyar Baban Hanan, ta zo tana yi wa Hanan girki. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ihu a cikina, ko leɓena bai motsa ba.

Wata nas ce ta lura ina ta karta zanin gado da yatsa. Ta sa mini biro, ta ɗaga mini fatar ido da hannunta. Da ƙyar na rubuta: kwalba.

Likita ya ce guba ce da ke haɗuwa a abincin da aka rufe bai sami isasshen zafi ba. Ya ce tafasar miyar ce ta tsare su, kuma da yarinyar ta lasa a sanyi, da abin ya fi haka muni. Suka kawo maganin karya gubar. Baban Hanan ya kira gida a take, ina jin muryar Khala ta waya, tana haɗawa da Larabci: "Halas, ya waladi, ko taɓa su ban yi ba."

Kwana arba'in da ɗaya na yi. Aka huda mini wuya, abinci ta hanci, a juya ni dama, a juya ni hagu. Inshorar iƙama, wato takardar zamanmu a ƙasar, ta ɗauki wani abu, sauran 'yan'uwa suka rufa mana asiri. Nono ya cika ya yi ta ciwo har ya kafe da kansa. Haka aka yaye 'yata, ba ni kusa, kuma abu na ƙarshe da ta gani daga hannuna duka ne. Na san dukan nan ne ya raba ta da cokalin, amma har yau yana ci mini rai.

Ranar da na dawo gida ta kalle ni, ta kalli tabon wuyana, ta ɓuya a bayan Khala. Khala ta ce, "Yalla habibti, Mama ce." Ta ƙi. Sati uku ba ta yarda na taɓa ta ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa nas ɗin da ban san sunanta ba, da Khala da ta bar gidanta ta riƙe mini nawa, da Baban Hanan da bai taɓa ce mini ke kika jawo ba.

'Yan'uwana mata, kuɓewa da wake ba tumatir ba ne. Tafasa kwalbarsu a tukunya ba ta isa, sai da tukunyar matsi ta musamman. In ba ku da ita, ku yanka ku sa a firiza. Kada ku ɗanɗana abin kwalba a sanyi, ko da bai yi wari ba. In gani ya rabu biyu ko haɗiya ta gagara, ku tafi asibiti nan take, ku faɗi duk abin da aka ci.

Har yanzu ina zuwa gashin jiki, hannuwana ba su gama dawowa ba. Jiya ina tsaye a bakin ƙofa Hanan ta zo ta kama zanina, ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Mama, shilini." A bakin Khala ta koya, wai in ɗauke ta. Na sunkuya na gwada, na kasa.

Sai na zauna a ƙasa, ta hau cinyata da kanta.