Ƙululun Bayan Kafaɗata

Wurin da ƙululun ya zaɓa ya fito wuri ne da ba na iya gani, bayan kafaɗata ta hagu, inda hannu ke kaiwa da ƙyar. Da mijina yana raye da shi zai fara ganinsa. Amma a lokacin ya shekara uku da rasuwa, ina zaune ni kaɗai a ciki da falo a Badarawa, ina aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati. Kujerar ofis ce ta sanar da ni. Na jingina wata rana sai na ji kamar an sa ƙwai tsakanina da ita.

Na yi watanni ina leƙensa da madubi biyu, ɗaya a bango ɗaya a hannu. Ba ya ciwo, sai dai yana ƙaruwa a hankali. Tun ina budurwa nake sayen littattafan soyayya a Babbar Kasuwa, kuma a cikinsu ciwo ma ado ne. Yarinya za ta suma, ta farka ta tarar da wani ya riƙe hannunta idonsa ya yi ja. Ni da na gaji da leƙe, keke napep na tare na kai kaina asibiti.

Likitan ya danna wurin, ya auna da yatsunsa, ya ce yawancin irin wannan kitse ne kawai ya taru, amma nawa ya yi girma kuma ya shige ciki, ba zai yi hasashe ba. Ya rubuta mini hoton da suke kira MRI, wanda na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka ta nuna abin da ke cikin tsoka. Shi zai nuna ko kitse ne ko kuwa abin da ba a so. Bai ambaci ciwon daji ba, ni ma ban ambata ba, amma da shi na fito daga ɗakin. Aka ba ni ranar Alhamis ta makon gaba.

Kuskurena shi ne na gaya wa Gwaggo a waya. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina shekara huɗu, ita ta aurar da ni. Ranar Litinin sai ga ta daga Rigasa da wata dattijuwa, matar wanzami, ta rungumo 'yar jaka.

"Juya in gani, 'yar nan," in ji Gwaggo. Ta shafa wurin. "Wannan ai mugun jini ne ya kwanta. Shi za ki kai wa inji? Ƙaho biyu ya ishe shi."

Ban taɓa ce wa Gwaggo a'a ba. Kuma na yi tunanin na'urar ciki take dubawa, ina ruwanta da fata? Na zauna a tabarma na sunkuya. Matar ta yi 'yan tsage-tsage da aska, ta kafa ƙahon ta zuƙa. Gwaggo ta nuna mini jinin da ya fito, baƙi, guda-guda, fuskarta cike da murna. Sai da ta ci tuwo ta yi la'asar sannan suka tafi.

Ranar Alhamis a wurin jira kowa da ɗan rakiyarsa, wannan da kwandon abinci, wancan ya riƙe wa matarsa jaka. Ma'aikaciyar da ta kira ni, wata doguwa mai fara'a, ta ce, "Hajiya, wa ya rako ki? Ki ba shi kayanki."

Na ce ni kaɗai ce. Ta ba ni akwati mai makulli. Na cire 'yan kunne, awarwaro, fil ɗin mayafi, har kwalli sai da na wanke, domin na'urar ba ta shiri da ƙarfe. Da ta zo manna wata 'yar ƙwaya a kan ƙululun don ta zama alama a hoton, sai hannunta ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Ƙaiƙayi ne, na sosa."

"Susa a jere, layi-layi kamar littafin makaranta? Hajiya, kakana wanzami ne fa." Ta yi dariya, sannan ta daina. "Yaushe?"

"Litinin."

Ta fita ta yi magana da wani, ta dawo ta ce za a ɗauka tunda na riga na zo, amma dole ta rubuta cewa an yi ƙaho a wurin.

Aka kwantar da ni, aka toshe mini kunne, gadon ya zarce da ni cikin wani farin rami da rufinsa ya kusa taɓa hancina. Aka ce kada in motsa. Sai bugu ya fara, kamar an zaunar da ni tsakiyar maƙera, ya tsaya, ya sake sabon salo. Na rufe ido na shirya wa kaina labari: ga wani a bakin ƙofa yana kai da komo, mayafina a hannunsa, yana tambayar duk wanda ya fito. Na yi masa farar shadda, na yi masa hula, fuskar ce ta ƙi zama. Can aka jawo ni aka yi mini allura a hannu, aka sake mayar da ni.

Bayan kwana biyu likitan ya kunna mini hotunan. Ya nuna wani farin abu mai siffar ƙwai.

"Malama, kitse fari yake fitowa a irin wannan hoton. Sai mu sa na'urar ta kashe hasken kitse, in kitse ne sai ya koma baƙi. Duba nan." Ya canza hoton. Tsakiyar ta yi baƙi, amma gefen da ke kusa da fata yana nan da haskensa. "Wannan hasken ne damuwata. Mai yiwuwa jini ne da kumburin ƙahon da kika yi. Mai yiwuwa kuma daga jikin ƙululun ne. Da kin zo da shi yadda yake, da yau na ba ki amsa."

Ya ce in bari wurin ya warke sarai, mako shida, a sake ɗauka. Kada aska ta ƙara taɓa shi.

Makonnin nan ban san yadda zan ba da labarinsu ba, domin babu abin da ya faru a cikinsu. Ina zuwa ofis, ina buga takardu, ina zama a bakin kujera ba na jingina. In na dawo sai in dafa abincin mutum ɗaya in ci rabi. Na ɗauko littattafaina na dā, na ga duk marasa lafiyar cikinsu shafi uku kawai suke yi kafin a san makomarsu.

A mako na uku Gwaggo ta dawo da matar wanzamin, ba tare da ta faɗa mini ba. Ta ce ƙaho sau ɗaya ba ya aiki, sai an maimaita kafin sauran jinin ya daskare. Matar har ta shimfiɗa kayanta.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Likita ya hana."

"Likita ya haife ki?"

"A'a, Gwaggo."

"To juya."

Ban juya ba. Ina kallon tabarma. Da na ce mata ƙahon farko ne ya ɓata hoton, da ta bar ni. Amma na san Gwaggo, da ta ɗauki abin ta ɗora wa kanta, ta daina barci, ta ce ita ta kashe ni. Sai ban gaya mata ba.

"Ni zan cuce ki ke nan," ta ce a hankali. "Boko ya yi rana. Tashi mu je, baiwar Allah."

Na riga na zuba musu abinci. Ko kallonsa ba ta yi ba. Na bi su har bakin titi, ba ta waiwayo ba. Daga ranar in na kira sai a ce tana salla. Da ma ita kaɗai ce ke kirana kullum da safe, sai wayar ta zama ta agogo kawai.

Da lokaci ya cika na sake shiga ramin. Wannan karon ban shirya wani labari ba, salati na yi ta yi har aka jawo ni. Likitan ya canza hoton a gabana, ƙwan ya koma baƙi gaba ɗayansa, har gefen. Ya ce kitse ne, ba shi da wata illa, za a cire shi saboda girmansa a kai a duba don a ƙara tabbatarwa. Na yi masa godiya na fito na zauna a kan benci, na daɗe ban tashi ba.

Daga can Rigasa na wuce. Na tarar da Gwaggo tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Na gaya mata abin da likita ya ce.

"Kitse?" Ta ajiye faifan. "To da ma me zai rage? An zuƙe mugun jinin, ai sai kitse. Da kin bari an yi na biyu da shi ma ya narke."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Ta matsa mini a kan tabarma, ta turo mini rabin shinkafar in tsince. Har ta koma ga Allah tana ba mutane labarin yadda ƙaho ya cece ni, in ina wurin sai in gyaɗa kai.